Daɓen Shagona Ya Shiga Tsakanin Yayana da Maigidana

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, ina da 'ya'ya uku. Na daɗe ina yi wa amare lalle da gyaran jiki a cikin gida, yanzu Allah ya buɗa na kama hayar shago ta shekara 2 a wani sabon gini a bakin titi. Tsawon shagon mita 6, faɗinsa 5, ƙofarsa gilashi ce mai kallon yamma, simintin ƙasan kuma bai fi wata ɗaya da zubawa ba. Yayana da ke zaune a Ingila shi ya turo min kuɗin gyara, ya ce lallai in sa tayil ɗin roba mai kama da katako, wanda ake kira LVT, don shi ne a gidansa shekara da shekaru, kuma shi zai sa shagon ya fita daban. Maigidana ya ce ledar ɗaki ce aka yi wa kwalliya, in sa tayil ɗin da kowa ya sani. Da na gaya wa Yaya sai ya ce ai ba kuɗin maigidan ba ne. Ban kai wa maigida wannan magana ba, amma tun daga nan ya daina tanka zancen shagon, in na tambaye shi sai ya ce in tambayi yayana. Mai sayar da kayan kuma kullum sai ya kira, wai dala za ta tashi, in biya kafin ƙarshen mako, ya ce ruwa ba ya yi masa komai, kuma a yini ɗaya za a gama shimfiɗawa. Ni kaina ina son sa, Anti, ya yi min kyau. Amma ina tsoron zuba kuɗin Yaya a abin da zai lalace, ina kuma tsoron ɓata wa ɗayansu rai. Yaya zan yi?

Mai lalle, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a shagon nan, ya sa ki shiga a sa'a. Daga lalle a tsakar gida zuwa shago a bakin titi ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma na gane abin da ya sa murnar taki ta cakuɗe da fargaba. Kuɗin kyauta ce daga wanda kike jin nauyinsa, wanda kuke kwana ku tashi tare kuma ya ja bakinsa ya yi shiru.

Kada ki biya kowa ko kwabo a wannan makon. Dalilin ba Yaya ba ne, ba kuma maigida ba, simintin shagonki ne bai shirya ba, zan kuma yi miki bayani. Wannan jinkirin alheri ne a gare ki, don zai ba ki makonnin da za ki gyara abin da ke tsakanin mutanen nan biyu ba tare da an ce kin zaɓi ɓangare ba.

Maigidanki bai faɗi daidai ba da ya ce ledar ɗaki ce, amma bai yi nisa da gaskiya kamar yadda Yaya ke zato ba. Dukansu daga robar PVC ake yin su. Bambancin shi ne tayil ɗin robar hawa-hawa ne: akwai gindi, akwai jiki mai kauri a tsakiya, a kansa an ɗora hoton katako ko na dutse da aka buga a kan siririyar leda, sannan aka rufe da wata fata mai haske da ake ganin hoton ta cikinta. Wannan fatar ta sama ita ce ran abin. Ita takalmi ke ci, ita kujera ke karta, ranar da ta cinye kuwa hoton ya fara gogewa, babu sauran gyara, don ba a goge shi a sake masa fenti kamar katako na gaske. Saboda haka in kin je kasuwa kada kaurin falle gaba ɗaya ya ruɗe ki. Ki tambayi kaurin fatar sama. Na ɗakin kwana yakan zo da milimita 0.2 ko 0.3, na wurin kasuwanci kuma 0.5 ko 0.55, har zuwa 0.7. Wasu kwalaye da ma'aunin Amurka suke rubutawa, za ki ga 12 mil, wato 0.3, ko 20 mil, wato 0.5. Akwai kuma lambar aji da ake bugawa a jikin kwali: 21 zuwa 23 na gida ne, 31 zuwa 34 na kasuwanci. Shagon da mata ke shiga suna fita daga safe zuwa dare, musamman lokacin bukukuwa, aji 33 ya dace da shi. Kwalin da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobin a jikinsa, ki bar wa mai shi abinsa.

Iri biyu za ki fi cin karo da su. Akwai siriri mai kaurin milimita 2 zuwa 3 da ake liƙawa da gam. Akwai kuma mai tauri, milimita 4 zuwa 6, wanda bakin kowane falle ke shiga cikin na ɗan'uwansa ya kulle, ba a sa masa gam, zama yake kawai a kan daɓe. Shi ne za ki ga an rubuta SPC a kwalinsa, jikinsa garin farar ƙasa ne da aka cuɗa da roba. Ki kula da na uku da ke shigowa cikinsu, wanda a ido kamarsu ɗaya amma cikinsa garin katako ne da aka matse. Shi wannan da ruwa ya shiga bakinsa sai ya kumbura. In kika duba gefen falle kika ga cikinsa ruwan ƙasa kamar kwali, shi ne. In kina shakka, ki jefa guntunsa a bokitin ruwa ya kwana, da safe zai tona kansa.

Yaya bai yi miki ƙarya ba. Abin yana da kyau, yana da taushi a ƙafa fiye da tayil, ba ya ƙara in ana tafiya a kansa, kwalbar turare in ta faɗi ba lallai ta fashe ba, ke da kike yini a tsaye ko a durƙushe kuma ƙafarki da gwiwarki za su ji bambanci. A can Ingila kamfanoni irin su Amtico da Karndean sun yi shekaru da dama suna yin sa, mutane kuma suna son sa don ba ya sanyin ƙafa kamar tayil a ƙasar da sanyi ya fi yawa a shekara. Sai dai shi Yaya falon gidansa yake kallo, inda rana ba ta da ƙarfi, inda babu yashi, inda ba a taɓa hura garwashi ba. Ke kuma shagon gyaran jiki za ki buɗe a Kano.

Garwashin nan shi ne babban abin da ya tsaya min a rai tun da na karanta wasiƙarki. Ke kin fi ni sanin yadda aikin yake: kasko a ƙasa, amarya a kai ta lulluɓa, a ƙara turare, a ƙara wuta, yarinyar shago ta ɗauko kaskon daga waje da sauri ana kiranta ta ko'ina. Babu mai sana'ar turare da za ta rantse cewa garwashi bai taɓa faɗo mata ba. Robar PVC tana fara laushi tun zafi bai kai na tafasasshen ruwa ba, garwashi mai ja kuwa ɗaruruwan digiri ne. Ko da kin tsince shi nan take, ya riga ya bar baƙin rami, kuma wannan ramin ba ya wankuwa. Gindin kaskon kansa, in aka ajiye shi kai tsaye ya daɗe, zai bar zobe. Haka tukunyar halawa da aka sauke daga wuta. Takardun garantin kamfanoni ma sukan cire ƙuna daga abin da suke ɗaukar nauyi. Tayil ɗin tangaran kuwa a wutar da ta haura digiri 1000 aka gasa shi, garwashi ba ya ce masa komai sai ɗan toka da za a share. A nan maigidanki yana da gaskiya cikakkiya, ko da bai yi wannan lissafin ba.

Sai tabo. Jan lalle, baƙin lalle, kurkum ɗin da ke cikin dilka, rinin gashi, dukansu an yi su ne don su kama, ba sa tambaya ko fatar amarya ce ko daɓe. Mai kyau daga cikin tayil ɗin roba yana jure su in an goge da wuri, mai araha kuma yana sha. Ba sai kin yarda da bakin kowa ba. Ki karɓo falle ɗaya daga wurin mai sayarwa, ko da biya za ki yi, ki kawo gida. Ki ɗiga masa jan lalle a nan, baƙi a can, kurkum da mai a wani gefe, ki bar wasu minti 10, wasu awa ɗaya, wasu su kwana, sannan ki goge da ruwa da sabulu. Ki ja mukulli a kansa. A ƙarshe, a waje inda iska ke kaɗawa, ki ɗora masa ɗan garwashi kaɗan ki ɗauke, kada ki tsaya shaƙar hayaƙin. Ki ɗauki hoton komai. Wannan fallen zai yi miki amfani wajen magana da Yaya fiye da duk wani dogon bayani.

Ƙofar gilashin da ke kallon yamma ita ma abin dubawa ce. Roba tana buɗewa da zafi, ta tsuke da sanyi. Masu ƙera shi suna son a shimfiɗa shi a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 18 da 27, a kuma bar kwalayen su yi awa 48 a kwance a cikin ɗakin kafin a fara aiki, don su saba da yanayin wurin. Kano kuwa a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, daɓen da ranar la'asar ke duka ta cikin gilashi ya fi haka nesa. Abin da ke biyo baya shi ne falle ya tokare ɗan'uwansa ya yi tozo, ko bakinsu ya buɗe, launin kuma ya koɗe a daidai inda ranar ke sauka. Mai taurin nan na SPC ya fi jure zafi, amma shi ma dole a bar masa 'yar tazara ta milimita 6 zuwa 10 tsakaninsa da bango ko'ina, a rufe ta da abin da ake bi da shi a gindin bango. Mai aikin da ya manna shi da bango don ya yi kyau a ido, ya gama da shi. Kuma ko wane daɓe kika sa, ƙofar nan tana buƙatar labule mai kauri ko baƙar ledar gilashi, da rumfa a waje in mai ginin ya yarda. Da ma shagon gyaran mata yana buƙatar sutura daga idon masu wucewa.

Yanzu simintin. Sabon daɓe yana bushewa ne a hankali, ƙiyasin da masu aikin ke amfani da shi shi ne kamar milimita 1 a kowace rana, ga wanda kaurinsa bai wuce santimita 4 ko 5 ba, mai kauri kuma ya fi haka jinkiri. Naki wata ɗaya ne, samansa ya yi fari amma cikinsa da sauran ruwa. In aka rufe shi da roba yanzu, danshin ba shi da hanyar fita. Mai gam zai saki ya ɗago, mara gam kuma zai tara danshi a ƙarƙashi har wurin ya fara warin rima. Ki sami leda mai kauri, kamar santimita 45 kowane gefe, ki shimfiɗa a ƙasa ki liƙe bakinta duka da salatif, a wurare biyu ko uku, ɗaya a kusa da bangon baya. Bayan kwana ɗaya ko biyu ki ɗaga. In kin ga raɓa a jikin ledar ko simintin ya yi duhu, ba a shirya ba. In ba ki ga komai ba ma, alama ce mai kyau kawai, mai aikin da ya san abin da yake yi zai zo da na'urar auna danshi. Ki kuma tambayi mai ginin ko an shimfiɗa ledar tare danshi a ƙarƙashin simintin lokacin gini, don ba kowane magini ke sa ta ba, in babu kuwa kowace damina ƙasa za ta riƙa turo ruwa sama. Sannan ki sa a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko katako mai tsawon mita 2 a wurare daban-daban. In ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, sai an daidaita wurin tukuna, in ba haka ba bakin fallayen zai riƙa motsi ana takawa har makullin ya karye. Wannan daidaitawar kuɗi ce, kuma ita ce ba a faɗa wa mutum sai ya riga ya biya kuɗin kaya. Maganar yini ɗaya gaskiya ce a kan daɓen da ya bushe ya kuma daidaita.

Zancen cewa ruwa ba ya yi masa komai, rabin gaskiya ne. Fallen kansa ba ya jiƙa. Amma in aka kwarara ruwa ana wanke shago da tsintsiya yadda muka saba, ko ruwan Agusta ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, zai bi ta baki da gefen bango ya kwanta a ƙasa, sai an ɗaga an shanya. Shara da tsumma mai ɗan danshi kawai yake so. Yashin titi da ƙurar hunturu su ne ke cinye fatar sama a hankali, don haka a riƙa cire takalmi a bakin ƙofa, a liƙa wa ƙafafun kujeru ɗan ƙyalle mai laushi. Ki guji shimfiɗar ƙofa mai baƙar roba a bayanta, tana bar masa tabo rawaya da ba ya fita. Kananzir da fetur ma kada su kusance shi.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Da ma ba za ki yi wa amarya dilka da turare a gaban ƙofa ba, dole ki raba shagon. To ki bar rabon ya sauka har ƙasa. Daga ƙofa zuwa mita 1 a ciki ki sa tayil, nan ne wurin takalma, yashi da zafin rana. Can ciki, kamar mita 2.6, inda kasko da halawa da dilka da ruwa za su zauna, shi ma tayil. Tsakiyar, mita 2.4 a faɗin shagon, inda baƙi ke zama, inda ake kwalliya da ɗaurin kallabi, inda amarya ke tsayawa a ɗauke ta hoton da zai tallata ki, nan ki sa abin da ranki ke so. Murabba'in mita 12 ke nan maimakon 30. Ki ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka, ya zama 13.2. In kwali ɗaya yana rufe 2.2, kwali 6 ke nan, ki ƙara ɗaya ki ajiye saboda gaba. Ki tabbata lambar zubi ɗaya ce a jikinsu duka, don launi yana ɗan bambanta daga zubi zuwa zubi, bayan shekara kuma da wuya ki sami irinsa. Ki zaɓi mai kullewa na SPC, mai fatar sama 0.5 ko 0.55, launi mai haske ko tsaka-tsaki, don mai duhu yana shan zafi yana kuma nuna ƙura. Lallen kansa ki riƙa yin sa a kan tayil, ko ki shimfiɗa tabarma. Abu ɗaya da za ki jaddada wa masu aiki tun kafin su fara: tayil ya fi robar tudu. In aka ɗora shi a kan kwaɓin siminti mai kauri, za a sami matakala a tsakiyar shago da amarya za ta yi tuntuɓe da ita. A liƙa shi da siririn gam ɗin tayil, a haɗa bakin biyun da ɗan ƙarfe mai gangara.

In wannan ya yi miki yawa, akwai hanya mai sauƙi: tayil ɗin tangaran mai zanen katako, dogaye kamar falle, irin mai santimita 20 da 120, a shagon gaba ɗaya. A hoto da wuya a bambanta su, wuta ba ta cin sa, rana ba ta motsa shi, bai kuma damu da ɗan danshi ba kamar roba. Ana ma ƙera tayil a nan gida Najeriya, akwai masana'antu a Ajaokuta ta jihar Kogi da kuma jihar Ogun, don haka samun ƙari ba ya wahala. Shi ma yana da nasa: yana da tauri a ƙafa, mai sheƙi yana santsi in mai ya zuba, don haka ki ɗauki mara sheƙi, layin da ke tsakanin tayil da tayil kuma yana shan lalle, ki sa a cike shi da mai duhu. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne ki shimfiɗa robar a shagon duka, ko ki sayi mai arahar da ba ta da lamba don kawai a ce an sa. Araha ba ta ado.

Kada ki manta haya kike. Tayil in an sa, ya zama na mai gini. Ki je masa, ke da maigida, ku nemi ya rage wani abu daga kuɗin haya tunda ginin nasa za a gyara, ko ya ƙara miki wa'adi, a kuma rubuta. A takardar a sa cewa robar taki ce, za ki kwashe ta ranar da za ki tashi. Mara gam ana iya ɗagawa a sake shimfiɗawa a wani wuri, ko da wasu fallayen za su karye a baki. Wannan ma dalili ne na ƙin mai gam a gidan haya.

Mai sayarwa kuwa, kasuwarsa yake ci, ban ga laifinsa ba. Gaskiya ne kayan waje ne, mafi yawansa daga ƙasar Sin, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin irin waɗannan kaya yana bin dala. Amma hasarar sayen abin da bai dace ba ta fi ƙarin da za a yi a mako guda. Ki zaga kasuwar Kofar Ruwa da shagunan cikin gari, ki karɓi farashi a rubuce daga mutum uku, wanda ya haɗa kaya, daidaita daɓe, abin gindin bango da kuɗin aiki. Ki sa a buɗe miki kwali ki sansana. In wari mai hawa kai ya buge ki, ki wuce, don a rufaffen shago mai zafi ke da yaranki za ku yini kuna shaƙa. Wannan ba tsoratarwa ba ce: a 2015 manyan shagunan kayan gini na Amurka, Home Depot da Lowe's, sun yi alkawarin daina sayar da daɓen roba mai ɗauke da wasu sinadaran laushi da ake zargi da cutar da lafiya. In kin ga tambarin FloorScore a kwali, shaida ce ta cewa an gwada abin da yake fitarwa a iska. Ki nemi mai shimfiɗawa ya kai ki wani wurin da ya yi aiki wanda ya shekara, ya ga bazara ya ga damina, ki taka ki ji. Kada ki biya kuɗin aiki duka sai an gama.

Sai mutanenki biyu. Maganar da Yaya ya faɗa ba ta yi daɗi ba, kuma kin yi hankali da ba ki kai ta ba. Ki binne ta, ko ranar da kuka saɓa da maigida kada ta fito. Ni a ganina ba raini ne ya sa ya faɗa ba. Mutum yana nesa, ba ya halartar suna, ba ya halartar biki, abin da yake iyawa shi ne ya turo kuɗi, sai ya so ya ga alamar hannunsa a abin da aka yi. Da kika ce masa maigida ya ƙi, abin da ya ji shi ne wani ya hana ƙanwarsa abu mai kyau. Don haka in za ki sake kiransa, ki cire sunan maigida daga zancen gaba ɗaya. Ki fara da godiya da addu'a, ki tura masa hoton fallen da garwashi ya huda, ki ce, "Yaya, na gwada irin wanda ka ce, ya yi min kyau ƙwarai, amma dubi yadda wutar turare ta yi masa. Ina jin tsoron kuɗinka su ƙone. Na yi tunanin in sa shi a inda baƙi ke zama da inda ake hoto, ciki kuma in sa tayil. Yaya ka gani?" Ki ma roƙe shi ya duba kwalin nasa ko takardar sayensa ya gaya miki lambar aji da kaurin fatar, ya kuma taya ki zaɓen launi ta bidiyo. Rarar kuɗin da za ta fito ki faɗa masa inda za ta tafi, ko sola ce, ko fanka, ko madubi, don kada ya ji an karkatar da kyautarsa ba da saninsa ba.

Shirun maigida ya fi damuna. Namiji ya ga matarsa za ta buɗe shago da kuɗin ɗan'uwanta, ko ya yi murna, akwai ɗan abin da ke sukar sa a ciki, musamman in yana jin da yana da hali shi zai yi. Shawararsa ita ce abin da ya iya bayarwa, sai ya ga kamar an auna ta da kuɗi an ajiye. "Tambayi yayanki" ɗin nan ba ƙin shagon ba ne, jan jiki ne. Kada ki tsare shi da tambayar me ya sa ya yi fushi, zai ce ba komai. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki kawo fallen nan ki ajiye a gabansa, ki ce, "Abban yara, ashe da gaskiyarka, dubi abin da garwashi ya yi. Ciki tayil zan sa kamar yadda ka ce. Amma ni ban san kan masu aiki ba, ina tsoron su cuce ni, ina so ka tsaya min." Kuma da gaske ki bar masa wannan ɓangaren: gwajin danshi, awon daɓe, magana da mai gini, tsayawa a kan masu sa tayil. Shi ne yake nan, shi za a kira ranar da famfo ya fashe. Ki faɗa masa kai tsaye cewa kina son robar a tsakiya don ke kike so, kada ki jingina wa Yaya, don in ya ɗauka umarni ne daga Ingila zai ƙi, in ya san muradin matarsa ne zai fi sassauci.

Mai yiwuwa Yaya ya dage sai an sa duka. In haka ta faru, ki ce masa cikin ladabi ke za ki zauna a shagon kuma ba za ki iya aikin wuta a kan roba ba, in ya fi so a bar robar gaba ɗaya a sa ta a ɗakinki na gida, inda za ta daɗe kamar tasa. Mai yiwuwa kuma maigida ya ce ko falle ɗaya bai yarda ba. To tayil mai zanen katako yana nan, kin sami kamannin da kike so, robar kuma ana iya ɗora ta a kan tayil daga baya in an cike layukan, don haka ƙofa ba ta rufe ba. Murabba'in mita 12 bai kai abin da za ki yi wata guda ba kwa magana a gida ba.

Gobe ki sayo leda da salatif, ki roƙi maigida ya raka ki shagon ku liƙa tare. A hanyar dawowa ku biya ku karɓo fallen gwaji.